An Gama, Madam

Laifina ne, kuma ba ni da wanda zan raba shi da shi. Na daɗe ina ɗora wa rashin sabis, ina ɗora wa masu wuta, har Turawan da ban taɓa gani ba sai da na shafa musu. Babu ɗayansu da ya yi ƙarya. Ni na yi.

A lokacin ina aiki a wata ƙaramar kwaleji a yankinmu, tsakanin Ikara da Makarfi. Ni ne mai buga takardu a ofishin sashen kimiyya. Iyakar karatuna sakandare, sai wata takardar koyon kwamfuta da na samo a wani shago a Zariya. Amma da yake ni ne nake iya ciro takarda idan ta maƙale a firinta, ni ne kuma nake buɗe wa manyan malamai akwatin saƙonsu na intanet saboda sun manta lambar sirri, sai aka laƙaba min Injiniya. Da wasa aka fara. Ni kuwa sunan ya yi min daɗi fiye da yadda ya kamata. Har na kai idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, ba na iya cewa ban sani ba, sai in ce a ba ni lokaci.

Akwai wata malama a sashen, Madam muke ce mata. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, suna zaune a Ikara da mijinta, wanda yake koyarwa a wata sakandare. Ta daɗe a kwalejin sosai. Akwai waɗanda ta koyar da hannunta, suka je suka ƙaro karatu, suka dawo suka wuce ta. Abin da ya tsaya mata a wajen ƙarin girma ɗaya ne: sai malami ya nuna ya gabatar da aikinsa a wani babban taro. Ita kuwa ga 'ya'ya, ga tsohuwa a gida, ba ta taɓa samun sukunin tafiya irin waɗannan wurare ba.

Ba kuma don ba ta da aikin nunawa ba. Ɗalibanmu da itace suke girki, kuma sun sa darbejiyoyin bayan ɗakunan kwana a gaba, yau reshe, gobe reshe. Madam ta samo tsohon duro, ta sa aka huhhuda shi. Bayan an cire masara sai a tattaro totuwa daga gonakin Paki da Gubuchi, a ƙona a duron ba tare da ta zama toka ba, a daka, a kwaɓa da kullun rogo, a dunƙula da gwangwanin tumatir, a shanya. Idan ya bushe ya zama gawayi, yana ci a hankali, ba hayaƙi. Ni kaina na sha ɗauko mata buhunan totuwa a bayan babur daga gonar mahaifina a Gubuchi. Tsohon har dariya yake yi, wai abin da ko akuya ba ta ci shi 'yan boko suke aike a kawo musu.

Wajen ƙarshen damina wani saƙo ya shigo wayarta. Wasu manyan makarantu na ƙasashe daban-daban za su yi taro a kan ɗorewa, wato yadda makaranta za ta tafiyar da harkokinta ba tare da ta cinye itatuwa da ruwa da ƙasar da na baya za su tarar ba. Ta intanet za a yi, kowa daga ofishinsa, ba kuɗin mota, ba masauki. Mai so ya yi magana sai ya tura taƙaitaccen bayanin aikinsa kafin ranar da za a rufe, kwamiti ya duba ya zaɓa.

Ta shigo ofishina da wayar a hannu kamar yarinya.

"Injiniya, karanta nan. Wannan ai da mu suke."

Ta rubuta bayanin da hannu, ni na buga. Ta karɓa ta soke, na sake bugawa. Ta kai gida mijinta ya duba, ta dawo da shi da jan biro, na sake. Wata rana na ce mata, "Madam, takardar nan ta fi littafin sakandarena shan gyara." Ta ce, "Shi ya sa ka tsaya a sakandare." Muka yi dariya. Irin zaman da muke yi ke nan da ita.

Ana saura kwanaki kaɗan a rufe aka kira ta daga gida, mahaifiyarta ta faɗi, an kai ta asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofata da jaka a kafaɗa.

"Ƙanena, ga shi a hannunka. Ka tura min kafin su rufe."

Na ce ta tafi da kwanciyar hankali.

Da ta tafi na buɗe shafin. Sunanta da na makaranta ba su ba ni wahala ba. Sai na zo wurin da ake zuba bayanin. Ina zubawa akwatin ya koma ja, wani rubutu ya fito cewa kalmomin sun yi yawa. A ƙasa kuma ga wata tambaya, wai a zaɓi ɓangaren da aikin ya faɗa, ga sunaye jere da wani irin Turanci da ban taɓa cin karo da shi ba. Na karanta, na sake karantawa. Ban san wanda ya dace da gawayin totuwa ba. Ban kuma san jimlar da zan cire daga rubutun da matar nan ta yi makonni tana gogewa ba.

Akwai wani matashin malami a ofishin da ke kusa da nawa. Da na leƙa na ce masa zo ka duba min, da shi ke nan. Amma shi ne yake kawo min kwamfutarsa idan ta ƙi tashi, yana ce min Injiniya a gaban ɗalibai. Na kasa. Na ce wa kaina gobe zan shiga Zariya wurin wani abokina da muka koyi kwamfuta tare, mu yi a shagonsa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Da yamma ta kira. Muryarta a gajiye, ina jin kukan jariri da ƙarar gadon asibiti ana turawa a bayanta. Na tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi, irin da sauƙin da kowa ya san ba sauƙi. Sannan ta ce:

"Ka tura?"

Na ce, "An gama, Madam."

A wurinmu idan babba ya sa ka aiki, tun kafin ka ɗaga hannu za ka ce masa an gama. Ladabi ne, alkawari ne, ba wanda yake ɗaukarsa ƙarya. Mahaifina yana faɗa wa mai unguwa, ni ina faɗa wa mahaifina. Na daɗe ina fakewa da wannan. Amma wannan amsar umarni ce. Ita ba umarni ta ba ni ba, tambayata ta yi. Ka tura da ka tura, a takarda iri ɗaya suke, a baki ne suke rabuwa, kuma kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji wanda ta faɗa. Na kuma san yadda za ta ji amsata.

Ta sauke numfashi. "Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Ka sauke min kaya ɗaya."

Washegari ban je Zariya ba. Ranar kasuwar Makarfi ce, mahaifina ya aiko in je in tsaya a kan lodin rakensa, dillalan suna masa wasa da hankali. Kashegari kuma suna ne a dangin matata a Kudan, rashin zuwana sai ya zama magana. Duk lokacin da abin ya faɗo min sai in ce ai da sauran lokaci, ban ko buɗe shafin na tabbatar ba. Ranar da na isa shagon abokin nawa, ya buɗe, ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. An rufe.

Da na yi masa bayanin jan akwatin sai ya dube ni. "Haba Injiniyan ƙauye. Wannan ai ko ta waya sai in gaya maka. Layi biyu za ka cire."

Ban iya yi masa dariyar da yake jira ba.

Mahaifiyar Madam ba ta tashi ba. Da ta dawo daga jana'iza muka haɗu da ma'aikatan sashen muka je gidanta a Ikara yi mata gaisuwa. Falon cike da matan zumunta na cocinsu, sanye da atamfa iri ɗaya. A hanya na shirya abin da zan ce idan na same ta ita kaɗai. Tana ganina sai ta nuna ni ga wata dattijuwa da ke gefenta.

"Mama, ga ƙanen nan nawa da nake ba ki labari. Ina can ina fama, shi ya tsaya min a kan takardata."

Dattijuwar ta yi ta sa min albarka, ni ina amin, amin, kaina a ƙasa. Na ce wa kaina ba a kawo wa mai makoki irin wannan magana. A lokacin gaskiya ne. Bayan makonni ya daina zama gaskiya, ni kuma ban daina fakewa da shi ba.

Ta dawo aiki ta rame, kuma taron nan ya zama abin da take riƙe da shi. Ta fara gwajin jawabinta. Idan ɗalibai sun watse sai ta zaunar da ni a kujerar gaba, ta tsaya a gaban allo tana magana da agogo a hannu, wai kada ta wuce lokacin da za a ba ta. Ta sa aka ɗauki hotunan duron da na gawayin a shanye. Kowace safiya kafin ta ajiye jaka sai ta leƙo.

"Sun amsa?"

"Tukuna, Madam."

"Ka duba da kyau kuwa?"

"Sabis ne yau ba kyau."

Har ranar da ta shigo ta ce wata ƙawarta a wata makaranta ta samu tata amsar tun makon jiya, in buɗe akwatin saƙon Madam ɗin yanzu a gabanta ko a bayanta, amma yau tana son ta ji. Ta koma ofishinta. Na zauna ina kallon kwamfuta, ban taɓa komai ba. Hanya biyu ce a gabana, kuma na san su duka. Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Sun amsa, Madam. Sun ce ba su ɗauka ba."

Ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur.

"Sun faɗi dalili?"

"A'a. Sun dai yi godiya."

Tsorona kada ta ce in bugo mata. Kamar ta ji tunanina, ta ce, "Kada ka buga min. Ba na son gani." Can ta yi wani ɗan murmushi da har yau nake gani. "Ni ma dai da ɗaukar kai. Totuwa. Wa zai bar aikinsa ya saurari totuwa?"

Ƙaryar farko rana ɗaya ta hana ta. Wannan ta biyun ita ce ta shiga cikinta ta zauna.

Da Kirsimeti ta zo ba ta fasa abin da ta saba ba. Ta aiko da kaji na yanka mata, kamar kowace shekara, don abokan aikinta Musulmi su ci ba tare da shakka ba. Ran bikin aka kawo mana kwano har gida, shinkafa da miya da cinya biyu a sama. Yara suka rufa a kai. Matata ta zubo min nawa, na ce na ƙoshi.

"Ka ƙoshi da me? Kunun safe?"

Ta matso da kwanon gabana.

"Malam, kai da bara har ƙashi ka tauna. Kun yi faɗa da Madam ne?"

A nan tsakar gida, da rana tsaka, na gaya mata komai. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta saurare ni har na gama.

"To ka yi me a kai?"

"Ina istigfari. Kullum."

"Madalla. Allah ka yi wa ƙaryar ko Madam?"

"Ke ba ki gane ba. Idan na faɗa, ya zan zauna a ofishin nan?"

"Ita ya take zaune?" Ta ɗauke kwanon daga gabana. "Kana sahun gaba a masallaci, haƙƙin marainiya a wuyanka. Ka je ka same ta. Ko in sa mayafina in je in yi maka, tunda ni ba injiniya ba ce."

Na ce zan je. Ta dube ni ta ce, "Kada dai ka ce min an gama." Ban je ba.

Bayan sabuwar shekara aka yi taron. Ina fatan ta manta, ba ta manta ba. Ta ce ko ba a ɗauke mu ba kowa yana iya shiga ya saurara, mu ji abin da ya fi namu. Ta sayi data, na tayar da janareto, na haɗa mata a ofis. Mu biyu ne kawai a gaban kwamfutar. Fuskoki suna fitowa a 'yan ƙananan akwatuna, murya tana yankewa tana dawowa. Wani ya yi magana a kan wutar hasken rana, wani a kan shara. Sai wata mata baƙar fata daga wata ƙasa a gabashin Afirka ta fito, ta sa hoto. Duro ne. Huhhudajjen duro irin namu, sai dai ita da ɓawon kwakwa take yi. Ta nuna yadda ake dakawa, yadda ake dunƙulawa. Da ta gama aka yi ta yi mata tambayoyi, wani Bature har ya nemi ta turo masa hotunan.

Madam ta matso da fuskarta dab da kwamfutar. Ba ta dube ni ba ta ce, a hankali:

"Injiniya, tsakaninka da Allah, nata ya fi namu?"

Na ce, "A'a, Madam."

"To ashe ba totuwar ba ce. Ni ce. Rubutuna ne bai kai ba."

Ta ce in kashe, man janareto yana ƙarewa a banza.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa a hankali. Ba ta ce ta daina ba, ta dai daina aike a kawo totuwa. Ɗaliban da suke taya ta suka zo tambaya, ta ce su maida hankali a kan jarrabawa. Duron yana bayan ɗakin gwaji, damina ta zo ta cika shi da ruwa. Kwamitin ƙarin girma ya zauna, sunanta bai fito ba, na matashin malamin nan na kusa da ofishina ya fito. Ta je ta yi masa murna, har da tsokanarsa wai ya saya mana lemo. Ta daina kawo min rubutu in buga sai tambayoyin jarrabawa. Idan aka yi muhawara a taron sashe, ita da ba a iya rufe mata baki, sai ta ce duk abin da aka yanke daidai ne.

Ni kuma na zama mai yi mata hidima fiye da kima. Ina share mata tebur, ina ɗaukar mata jaka, ina kai mata rake daga gida. Tana ta godiya, tana cewa ba ta san abin da ta yi min ba. Matata ta daina yi min maganar. Idan na dawo daga aiki sai ta dube ni kawai, ta ga amsar a fuskata, ta ci gaba da abin da take yi. Wannan ya fi min faɗan ciwo.

Da aka sake cire masara, saƙon ya sake zagayowa, masu taron suna neman sababbin bayanai. Na bugo shi na ajiye mata a kan tebur. A raina ina lissafin cewa idan ta sake rubutawa, wannan karon in tura da gaske, aka ɗauka, to na biya ba tare da na buɗe baki ba. Har a nan ina neman hanyar da zan fita da sunana a wanke.

Ta ɗauka ta karanta kan takardar, ta miƙo min.

"Kai wa yaran nan masu jini a jika."

"Madam, ki sake gwadawa mana. Ba a sani ba."

"An sani." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Sau nawa za a ce wa mutum ba a so kafin ya ji? Sun karanta, sun ce a'a. Mutanen nan sun fi ni sanin aikinsu. Shekarun da suka rage min zan ƙarasa su a inda nake."

Na tsaya da takardar a hannu. A nan na gane ba wata dabara da ta rage. Muddin ta yarda an karanta an ƙi, ba za ta sake ɗaukar biro ba, kuma ni kaɗai ne a duniya na san ba wanda ya karanta.

Ranar Lahadi na bari sai da na tabbatar sun taso daga coci sun ci abinci, na hau babur zuwa Ikara. Mijinta na tarar a ƙofar gida yana wanke mota. Ya yi murnar ganina, ya shigar da ni falo, ya ƙwala mata kira wai ga Injiniyanta. Muka gaisa. Ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi tsoho da ciwon ƙafarsa, ta tambayi ya rake ya yi bana. Na amsa duka. Ta tashi za ta kawo min ruwa, na ce don Allah ta zauna. Mijin ya ga yanayina zai ba mu wuri, na ce shi ma ya zauna, shi ma ya sa hannu a rubutun, yana da haƙƙin ya ji.

Na sauka daga kujera na durƙusa a kan leda.

"Lafiya, ƙanena?"

"Madam, takardarki ta bara ban tura ba. Shafin ya ƙi karɓa, na ji kunyar in ce ban iya ba, na yi ta jan ƙafa har aka rufe. Ranar da kika kira ni daga asibiti ƙarya na yi miki. Ranar da na ce sun amsa sun ƙi, ita ma ƙarya ce. Ba su amsa ba, don ba abin da ya je musu. Ba wanda ya karanta rubutunki balle ya ce bai kai ba. Ina zaune kusa da ke ranar taron kika ce ke ce matsalar, na yi shiru. Ƙarin girman da ya wuce ki, ni na jawo. Ba su rufe na bana ba tukuna, ki sake rubutawa, ki ba wani ya tura, ba ni ba. Idan kin kai ni gaban shugaban sashe zan maimaita abin da na faɗa a nan, ba zan rage komai ba. Na cuce ki, Madam, ke da kika kira ni ƙane. Ki yafe min, don Allah. In ba za ki iya yau ba, na ji, zan jira."